Gazin Bakin Birji da wutar lantarki: siririn layin gilashin da ke riƙe da batir mai zafin digiri 800

Tun ranar 28 ga watan Nuwamba na shekarar 2011 matatar man fetur ta SORAZ ke aiki a Bakin Birji, cikin ƙaramar hukumar Olelewa ta gundumar Tanut. Ɗanyen mai yana zuwa mata daga Agadem ta bututu mai tsawon kilomita 462, an kuma gina ta don tace ganga 20,000 a kowace rana. Esansi da gazuwal da gazin girki duk daga nan suke fita zuwa Damagaram da Maraɗi da Yamai. Amma a ƙasar Damargu, daga Tanut zuwa Belbeji, ƙauyuka masu yawa ba su da wutar lantarki, kuma a Nijar baki ɗaya kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai yake da ita. Jama'a ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turowa, ba ta maido ta ba sai a watan Maris na 2024.

Hanyar da kowa ya sani ta samun wuta daga mai ita ce a ƙona shi cikin injin janareto, wanda muka fi sani da gurup. Akwai wata hanyar kuma, wadda ake amfani da ita a Amurka da Japan da Koriya ta Kudu: wani irin batir da ba a cajinsa, gaz ake ba shi yana ba da wuta, babu fistan, babu ƙugi. A taƙaice ana kiransa SOFC. Abin da ya daɗe yana ba masana wahala a wannan na'ura shi ne wani siririn layin gilashi, mai kaurin da bai kai rabin milimita ba, wanda ake liƙe sassanta da shi. Wannan bayani zai duba yadda ake gasa wannan gilashi, da dalilin da ya sa tsawon rayuwar na'urar ya rataya a kansa.

Yadda batirin yake aiki

Tushen abin tsoho ne. A 1839 wani Bature ɗan Birtaniya mai suna William Grove ya nuna cewa ana iya samun lantarki idan aka haɗa iskar haidurojin da ta oksijin ba tare da an kunna wuta ba. A ƙarshen ƙarni na 19 Walther Nernst na Jamus ya gano cewa wani tangaran mai suna zirkoniya, idan aka gauraya shi da ɗan itiriya aka zafafa shi sosai, yana barin lantarki ya ratsa shi. A 1937 kuma Emil Baur da Hans Preis suka gwada batirin farko na irin wannan tangaran a Suwizalan, a zafin digiri 1000.

Batirin yau siririn faifan tangaran ne mai fuska biyu. Ana hura iska ta sama, ana tura gaz ta ƙasa. Idan faifan ya yi zafi, yawanci tsakanin digiri 700 da 850 a ma'aunin Selsiyus, sai oksijin ɗin da ke cikin iska ya ratsa jikin tangaran ya tarar da gaz a ɗaya fuskar, inda aka shafa nikel. A nan suke haɗuwa, sai ruwa da iskar kabon su fita, lantarki kuma ya bi waya. Faifai ɗaya ba ya ba da ko volt ɗaya idan yana ɗauke da kaya, shi ya sa ake jera su da yawa, ɗaya bisa ɗaya, da farantin ƙarfe a tsakanin kowane biyu.

Ribar a fili take. Babban gurup na gazuwal yana juya kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na ƙarfin mai zuwa lantarki, sauran ya tafi a zafi da hayaƙi. Wannan batir yana kaiwa kashi 50 zuwa 60, kuma idan aka yi amfani da zafin da yake fitarwa wajen dafa ruwa ko wani aiki, amfanin yana haura kashi 80.

Sharaɗin ɗaya ne: kada gaz da iska su haɗu ta ko'ina sai ta cikin tangaran. Idan suka samu ƙofa a gefe, gaz zai kama da wuta a wurin, wurin ya yi zafi fiye da sauran jiki, faifan ya tsage. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan tsagar da ido ba ya gani ma ta isa ta lalata na'urar.

Me ya sa sai gilashi?

Duk mai gyaran mota ya san roba ko takardar da ake sawa tsakanin ƙarfe biyu don hana yoyo. A digiri 800 roba toka ce. Walda ba ta kama tangaran. Ana iya liƙewa da azurfa, amma azurfa tana ɗaukar lantarki, kuma idan abin liƙin ya ɗauki lantarki tsakanin faranti biyu, wutar za ta zagaye ta gajeriyar hanya ta ɓace. Wasu suna sa ɓawon dutsen nan mai ƙyalli da ake kira mika su matse shi da ƙarfi, sai dai yakan bar ɗan yoyo.

Abin da ake nema shi ne abin da zai yi laushi sau ɗaya ya cike kowane lungu, ya kama ƙarfe ya kama tangaran, ya ƙi ɗaukar lantarki, ya jure gaz a gefe ɗaya da iska a ɗaya gefen, sannan ya zauna haka awa 40,000, wato kusan shekara biyar ba tsayawa, wanda shi ne mizanin da aka saba ɗora wa irin waɗannan na'urori. Gilashi ne ya fi kusa da cika waɗannan sharuɗɗa.

Ba gilashin taga ko na kwalba ake nufi ba. Shi wannan ana yin sa da yashi da farar ƙasa da soda, wadda ƴar'uwar kanwarmu ce. Kanwa ita ke sauƙaƙa narkar da yashi, domin yashi zalla ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 1700. Amma sinadarin sodiyom da ke cikin kanwa yana yawo cikin gilashi idan ya yi zafi, yana ɗaukar lantarki, yana kuma cin ƙarfe. Ban da haka, gilashin kwalba yana fara yin laushi tun wajen digiri 550, kafin a kai 800 ya saki jiki.

Don haka ake haɗa wani gilashi na musamman. Wanda aka fi ambato shi ne G18, na cibiyar bincike ta PNNL da ke Amurka. Idan aka ƙirga da adadin ƙwayoyin sinadari, kashi 35 cikin 100 silika ne, wato sinadarin yashi, kashi 35 na bariyom, kashi 15 na kalsiyom irin na farar ƙasa, kashi 10 na boron, kashi 5 alumina, wadda ake samu cikin yumɓu. Bariyom yana fitowa daga dutsen barit, wanda masu haƙar rijiyoyin mai ke niƙawa su zuba cikin taɓon haƙa don ya yi nauyi. Ana narkar da haɗin a zafin da ya kai wajen digiri 1400 zuwa 1500, a tsiyaye shi cikin ruwan sanyi ya farfashe, a niƙa shi ya yi laushi kamar garin alkama, a kwaɓa da wani danƙo, a zana shi a gefen kowane faranti. Daga nan sai tanda.

Mataki na farko: haɗewar gari

Abin da ke faruwa cikin tanda ba baƙo ba ne ga matan Mirya masu ginin tukwane. Ɗanyar tukunya gari ce da ruwa ya riƙe. Idan ta bushe aka jiƙa ta, sai ta koma taɓo. Idan aka gasa ta kuwa, ƙananan ƙwayoyin yumɓu suna mannewa da juna a wuraren da suka taɓa, ba tare da tukunyar ta narke ba, shi ya sa gasasshen tulu yake ƙara idan aka ƙwanƙwasa shi, ruwa kuma ba ya narkar da shi. Wannan shi ne haɗewar gari, abin da ake kira frittage da Faransanci.

Akwai misalin da ya fi wannan kusa a Afirka ta Yamma. Mutanen Krobo na ƙasar Gana suna daka tsofaffin kwalabe su zama gari, su zuba cikin ƙananan ramukan yumɓu, su soka tsinken ganyen rogo a tsakiya, su sa a tanda. Garin yana haɗewa ya zama dutsen ado, tsinken ya ƙone ya bar hudar zare. Matan Kiffa na Muritaniya ma da garin gilashi suke yin nasu duwatsun. Aikin da injiniyoyi ke yi a Jamus ko Japan shi ne wannan, bambancin kawai su ba su yarda a bar huda ko ɗaya ba.

Ga yadda abin ke tafiya. Da farko ana ɗaga zafi sannu a hankali, digiri kaɗan a kowane minti, har zuwa wajen 400 ko 500, don danƙon da aka kwaɓa garin da shi ya ƙone ya fita. A wannan lokaci abin da ya rage gari ne tsura, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na wurin da ya cika iska ce a tsakanin ƙwayoyi.

Gilashi ba shi da ranar narkewa ɗaya kamar ƙanƙara. Kamar ƙaro yake: yana da tauri, sai ya fara danƙo, sai ya yi kamar zuma mai kauri. Ga G18, laushin yana farawa a wajen digiri 630. Daga nan kowace ƙwaya tana jawo maƙwabciyarta, kamar yadda ɗigon ruwa biyu ke haɗewa idan suka taɓa juna a kan faranti. Wuya yana fitowa tsakaninsu, wuyan ya yi kauri, ramuka su tsuke, iska ta fita, layin duka ya motse. Masanin Tarayyar Sobiyet Yakov Frenkel ne ya fara rubuta lissafin wannan motsi a 1945: saurin haɗewa yana ƙaruwa idan gilashin ya ƙara laushi, yana kuma ƙaruwa idan garin ya ƙara niƙuwa. Ana ɗora nauyi a kan jerin farantan a wannan lokaci don gilashin ya baje ya kama fuskokin biyu da kyau.

Mataki na biyu: fitar tsaba

Da a nan aikin ya ƙare, da an samu matsala. Gilashin da ya yi laushi har ya cike rami a digiri 800, zai ci gaba da malala a digiri 800 shekara da shekaru, har nauyin farantan ya matse shi ya fito waje. Dole bayan ya gama liƙewa ya taurare, alhali zafin bai sauka ba.

Sirrin yana cikin yadda gilashi yake a ciki. A cikin gishirin Bilma, zarrori suna jere layi-layi kamar kunyoyin gona, shi ya sa yake fitowa da kusurwoyi. Wannan jerarren tsari shi ne kristal, mu kuma za mu kira shi tsaba. A cikin gilashi zarrori a hargitse suke, domin an sanyaya shi da sauri kafin su samu damar jeruwa. Mai yin alewa ya san wannan: sukarin da aka narkar aka sanyaya da sauri yana fitowa garau kamar madubi, wanda aka bari ya jima kuwa sai ya koma tsaba-tsaba. Zuma ma idan ta daɗe a ajiye haka take yi. Gilashi yana son komawa tsaba, sanyi ne kawai ya ɗaure shi. Da zarar an mayar da shi cikin zafi, zarrori sun samu sakewa, sai su fara jeruwa.

An gano amfanin wannan ne bisa tsautsayi. A 1953 wani masani na kamfanin Corning a Amurka, Donald Stookey, ya sa farantin gilashi a tanda da nufin ya kai digiri 600, sai ma'aunin tandar ya lalace zafi ya kai 900. Maimakon narkakken gilashi, sai ya tarar da farin faranti mai kama da tangaran. Ya suɓuce masa ya faɗi ƙasa bai fashe ba. Daga nan aka samu sabon nau'in kaya, rabi gilashi rabi tangaran, wanda ake yin tukwanen girki da saman murhun lantarki da shi.

Haka ake so gilashin liƙi ya zama. Tsabar da ta fito cikinsa tana sarƙewa da juna ta zama ƙashi, sauran gilashin da bai jeru ba ya zauna a tsakani kamar tsoka. A tsarin da aka saba bi da G18, ana kai shi digiri 850 na awa ɗaya don ya liƙe, sannan a sauko 750 a riƙe shi awa huɗu don tsaba ta kafu.

Tseren da ke cikin tanda

Nan ne wahalar take. Zafi ɗaya ne yake tura matakan biyu, kuma ba sa jiran juna. Idan tsaba ta riga fitowa tun ramuka ba su rufe ba, gilashin zai sandare nan take, malala ta tsaya, ramukan su zauna har abada. Abin da za a samu shi ne layi mai kama da randar ƙasa, wadda ruwa ke tsattsafowa ta jikinta. Ga randa wannan alheri ne, shi ke sanyaya ruwa. Ga batirin da ke ɗauke da haidurojin, iska mai matuƙar ƙanƙanta da saurin silalewa, wannan asara ce. Tun ran gini tun ran zane: ramin da bai rufe ba kafin tsaba ta fito, babu sauran ranar rufe shi.

Idan kuma tsaba ta makara ƙwarai, gilashin zai yi ta gudu ya bar wurin da aka sa shi, ko ya shiga hanyoyin gaz ya toshe su.

Saboda haka abin da masu bincike ke aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin zafin da gari ya gama haɗewa da zafin da tsaba ke farawa. Suna da kayan aiki biyu. Na farko ƙaramar tanda ce mai kyamara: a sa ɗan dunƙulen gari, a riƙa ɗaukar hoton inuwarsa yayin da zafi ke hawa, a rubuta digirin da ya fara motsewa, da wanda ya gama, da wanda kusurwoyinsa suka zagaye, da wanda ya baje. Na biyu ma'auni ne da ke jin zafin da abu ke fitarwa da kansa, domin idan zarrori suna jeruwa sukan saki zafi, sai layin ma'aunin ya yi tsalle. Idan aka ɗora sakamakon biyu a kan juna, ana so motsewa ta ƙare kafin tsallen ya fara. Gilashin da ya ba da tazara mai faɗi shi ne mai sauƙin aiki a masana'anta, domin babu tandar da zafinta yake daidai a kowane lungu.

Abubuwa uku ke faɗaɗa wannan tazara ko su tsuke ta. Na farko haɗin sinadarai: boron yana saukar da zafin laushi, ɗan alumina yana jinkirta tsaba, amma idan ya yi yawa sai ya haifar da wata tsabar da ba a so. Na biyu niƙa. Gari mai laushi sosai yana saurin haɗewa, sai dai a irin waɗannan gilasai tsaba takan fara daga bayan ƙwaya ne ta nufi ciki, don haka yawan niƙa yana ƙara wuraren da za ta tsiro. Na uku saurin ɗaga zafi. Idan an yi jinkiri da yawa, an ba tsaba lokacin kafuwa tun gilashi bai yi laushin kirki ba. Idan an yi gaggawa, bayan layin zai rufe ya kulle iska a ciki, ta zama kumfa.

Ba kowace tsaba ake maraba da ita ba

Kowane abu yana miƙewa idan ya ji zafi, ya koma idan ya huce. Sandar mita ɗaya ta irin ƙarfen da ake yin farantan da shi, kamar Crofer 22 APU na Jamus, tana ƙara kusan milimita 10 daga sanyi zuwa digiri 800. Tangaran zirkoniya yana ƙara wajen milimita 8. Gilashin liƙi yana tsakaninsu, manne da kowanne, don haka dole miƙewarsa ta faɗo kusa da tasu. Gilashin Pyrex na ɗakin gwaji, wanda ba ya kai milimita 3, da an liƙe da shi da ya tsage a hucewar farko.

Abin lura shi ne, fitar tsaba tana canza wannan lissafi, domin kowace tsaba da irin miƙewarta. Tsabar da bariyom ke yi da silika tana miƙewa kusan daidai da ƙarfen, ita ake nema. Akwai wata mai suna selsiyan, ta bariyom da alumina da silika, mai siffa biyu. Siffar farko miƙewarta da dama-dama, amma bayan dubban awoyi cikin zafi tana iya juyewa zuwa siffa ta biyu, wadda ba ta wuce milimita 2 a mita. Ma'ana, gilashin da ya dace da ƙarfe a ranar da aka gasa shi yana iya daina dacewa bayan shekara guda, ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Akwai kuma kristobalit, wata siffa ta silika, wadda ke motsewa farat ɗaya idan zafi ya sauko tsakanin digiri 270 da 200. Masu gasa tangaran sun san ta da fasa kaya a lokacin hucewa. Yashin da ke cikin yumɓu ma yana yin irin wannan zabura a digiri 573. Yana cikin dalilan da suka sa tukunyar da aka yi gaggawar gasawa ko fitarwa daga wuta take tsagewa.

Wata matsalar tana bakin layin ne, inda gilashi da ƙarfe da iska suka haɗu. Ƙarfen yana da kuromiyom kusan kashi 22 cikin 100 don kada ya yi tsatsa. Kuromiyom yana haɗuwa da bariyom na gilashi su haifar da wani rawayan sinadari mai miƙewa kusan ninki biyu na ƙarfen. Sannu a hankali yana ɓamɓare gilashin daga gefe. Maganin da ake yi shi ne a shafa wa ƙarfen siririn rufin alumina kafin a liƙe, ko a rage bariyom cikin haɗin. Boron shi ma yana da nasa aibin: cikin zafi da tururin ruwa yana tashi ya bar gilashin, ya je ya sauka a kan faifan ya rage masa ƙarfi.

Kunnawa da kashewa

Cewa ana iya cin nasara, an riga an nuna. Cibiyar bincike ta Jülich a Jamus ta kunna wani ƙaramin jeri da aka liƙe da irin wannan gilashi a watan Agusta na 2007, a zafin digiri 700, ya yi ta ba da wuta fiye da shekara goma, ba a tsayar da gwajin ba sai a 2019. Kamfanin Bloom Energy na Kalifoniya ya fito da nasa manyan akwatunan a bainar jama'a a 2010, a Japan kuma tun 2011 ake sayar da ƙananan na gida ƙarƙashin shirin Ene-Farm.

Sai dai wannan batir ya fi son a kunna shi a bar shi. Zama cikin zafi ba shi ne ya fi wahalar da gilashin ba, hawa da sauka ne. Duk lokacin da aka kashe na'urar ta huce, ƙarfe yana ja, tangaran yana ja, gilashi yana tsakiya. Shi ya sa wasu masu bincike ke barin kaso mai yawa na gilashin bai zama tsaba ba, don idan ƙaramar tsaga ta fito a sanyi, da an sake zafafawa ya yi laushi ya ɗinke kansa. Kuɗin wannan dabara shi ne ƙarin malala. Kullum ciniki ake yi tsakanin tauri da laushi.

Abin da ya shafi Damargu

Zafin watan Afrilu na Tanut, ko da ya haura digiri 40, ba ya damun na'urar da cikinta ke digiri 800. Abubuwan da za su dame ta daban ne. Ƙurar hunturu tana buƙatar matatar iska mai kyau da mai kula da ita. Gazin girki ana zuba masa wani sinadari mai ƙibiritu don a ji warinsa idan yana yoyo, ƙibiritu kuwa guba ne ga nikel ɗin faifan ko da ɗan kaɗan ne, don haka sai an tace shi. Babba cikinsu ita ce yankewar gaz. Idan mota ta makara a kan hanyar Damagaram zuwa Tanut ko ta Belbeji, tanki ya ƙare, na'urar za ta huce, kuma kowace hucewa bashi ce a kan layin gilashin. Gurup idan ya lalace makaniki a kasuwa zai buɗe shi ya canza abin da ya mutu. Jerin faifan da aka liƙe da gilashi ba ya kwancewa, idan layi ɗaya ya tsage yawanci sai dai a canza jerin duka.

Wannan ya nuna inda irin wannan na'ura za ta fi dacewa: wurin da ke buƙatar wuta dare da rana ba yankewa kuma yake kusa da gaz, kamar asibitin gunduma, ko firigon ajiyar allurar rigakafi, ko eriyar tarho, ko injin tura ruwan pampo. Ba ta dace da gidan da ke kunna wuta da magariba ya kashe da tsakar dare ba. Ga irin wannan gida allunan sola da batirin caji sun fi sauƙi da araha.

Duk hukumar da aka kawo wa tayin irin wannan na'ura, ban da tambayar kuɗi da yawan kilowat, akwai tambayoyi uku da ya kamata ta yi: sau nawa aka gwada kashe ta da kunna ta kafin liƙin ya fara yoyo, awa nawa aka ba da lamuni a kan jerin faifan, kuma wa zai biya kuɗin canza shi.

Ga ɗalibai kuma, wannan fanni ba shi da nisa kamar yadda sunansa ya nuna. Binciken da aka yi a Igbo Olokun na birnin Ile-Ife ya tabbatar da cewa tsakanin ƙarni na 11 da na 15 ana narkar da gilashi a wurin, mai yawan kalsiyom da alumina, biyu daga cikin sinadaran gilashin liƙi na yau. Masaga na garin Bida har yanzu suna aikin gilashi. Tanda mai ma'aunin zafi, da injin niƙa, da kyamara sun isa a fara auna yadda garin gilashi ke haɗewa, kuma aiki ne da ɗalibin kimiyya a Jami'ar André Salifou ta Damagaram ko makarantar EMIG ta Yamai zai iya ɗauka. Ilimin da za a samu ba a wannan batir kaɗai zai tsaya ba, domin da shi ake yin tayil da bulon wuta da tangaran na turakun lantarki, kuma da shi ake juya fasassun kwalabe su koma kayan gini.